Idan ɗan sanda ya yi harbi a Sudan, wa ke tambayarsa?

Ranar 28 ga Fabrairun 2023 wani bidiyo ya karaɗe wayoyin mutane a Sudan. A yankin Sharƙun Nil, gabashin Hartum, an ga wani jami'in 'yan sanda cikin kaki ya ɗaga bindiga ya harbi wani matashi mai zanga-zanga, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan taku ba. Yaron ya faɗi, bai kuma tashi ba. Shi ne mutum na 125 da aka kashe a zanga-zanga a lissafin kwamitin likitoci tun juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Rundunar 'yan sanda ta fitar da sanarwa cewa wannan aikin mutum ɗaya ne, ya saɓa wa umarnin da aka ba shi, kuma an ɗauki matakin shari'a a kansa. Mako shida da 'yan kwanaki bayan nan yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun Da'am Sari' (RSF), ƙarar manyan bindigogi ta binne maganar.

Tun da soja suka ƙwato Madani da Hartum a farkon 2025, 'yan sanda suka shiga komawa ofisoshinsu, tsohuwar gardamar ta sake dawowa wajen masu shayi da ƙofar masallatai, daga Kasala har Mai Wurno. Wani ya ce matsalar ita ce ba su da horo. Wani ya ce ai kowa da kowa ake ɗauka. Dattawa kan girgiza kai su ce wake ɗaya ne ke ɓata gari. Tambayar ita ce, in harsashin hukuma ya sami wanda bai kamata ya samu ba, a ina abin ya fara lalacewa: a filin horo, a ƙofar ɗaukar aiki, ko a abin da ke biyo bayan harbin? Ni dai a ganina na ƙarshen ne ke riƙe da sauran biyun, amma bari mu bi su daki-daki.

Wa ma ake nufi da ɗan sanda?

Mai kallo daga nesa duk wanda ya sa kaki ya rataya kalash, sunansa askari. A doka kuwa akwai bambanci. Akwai soja, akwai jami'an tsaron farin kaya, akwai dakarun Da'am Sari' waɗanda kafin yaƙi ake lissafa su cikin rundunonin gwamnati, sannan akwai shurɗa, wato 'yan sanda. Su ma shurɗar ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gisim, wato caji ofis na unguwa, akwai na hanya, akwai masu bincike, akwai kuma Ihtiyaɗi Markazi waɗanda kowa ya fi sani da Abu Ɗera saboda hoton tsuntsun da ke jikin tambarinsu. Waɗannan na ƙarshe sun fi kama da soja: an tura su fagen daga a Darfur, kuma a ranar 21 ga Maris ɗin 2022 ma'aikatar kuɗin Amurka ta ƙaƙaba musu takunkumi saboda yadda suka murƙushe masu zanga-zanga a Hartum.

Wannan rarrabewa tana da amfani domin kowace runduna da dokarta da kotunta. Ɗaliban da aka harbe a Ubayyid a ƙarshen Yulin 2019, alal misali, dakarun Da'am Sari' aka yanke wa hukunci a kansu, ba 'yan sanda ba. Inda abin ke cukurkuɗewa shi ne idan an fito da abin da ake kira rundunar haɗin gwiwa, mota uku kaki iri uku. Aka yi harbi, kowa ya ce ba daga motarsa ya fito ba.

Yaushe doka ta yarda a harba?

A 1990, a birnin Habana na ƙasar Kuba, wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro. Su ne ma'aunin da ake gwada kowace ƙasa da shi har yau. Zuciyarsu guda ce: ba a harba mutum da niyyar kisa sai idan babu wata hanyar ceton rai, ran jami'in ko na wani, daga haɗarin da ke gab da aukuwa. Ɓarawon waya da ya ruga a guje ba ya cikin wannan. Wanda ya zagi hukuma ba ya ciki. Direban rakshar da ya ƙi tsayawa a shinge, in dai ba mutane ya nufa da ita ba, shi ma ba ya ciki. Ƙa'idojin sun ce jami'i ya bayyana kansa, ya yi gargaɗi, ya ba da lokaci a ji gargaɗin, sai fa in yin hakan zai jawo asarar rai. Bayan harbi kuma a gaggauta kai wanda ya ji rauni asibiti, a sanar da danginsa. Har sun rufe ƙofar da gwamnatoci suka fi son bi: sun ce rikicin siyasa ko dokar ta-ɓaci ba hujja ba ce ta kauce musu.

Dokar Sudan ma, a kan takarda, ba ta bar abin sakaka ba. Dokar bin matakan shari'ar laifuka ta 1991 ta ce a tarwatsa taron da ya saɓa doka da mafi ƙarancin ƙarfi, kuma ba a kai ga bindiga sai da izinin wakilin niyaba, wato mai gabatar da ƙara. Wannan ne dalilin da ya sa a wasu lokuta ake ganin wakilin niyaba yana rakiyar 'yan sanda zuwa wajen zanga-zanga. Dokar dai ta bar wa kwamandan da ke wurin wata kafa idan ana fuskantar masu makami, kuma kafar nan ce ake faɗaɗawa har raƙumi ya wuce.

Abin da filin harbi ke koyarwa, da abin da ba ya koyarwa

In an ce horon bindiga, abin da ke zuwa ran yawancin mutane shi ne saiti: a kafa allo, a auna, a samu tsakiya. Wannan shi ne ɓangare mafi sauƙi. Allo ba ya motsi, ba ya ihu, babu yara a bayansa. A cikin firgici jikin ɗan Adam wani abu ne daban. Zuciya na bugawa, hannu na rawa, ido na tsukewa a kan abu ɗaya ya daina ganin gefe, kunne na toshewa. Wani bincike da cibiyar RAND ta yi wa 'yan sandan birnin Niyok a 2008 ya gano cewa tsakanin 1998 da 2006, idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 kawai na harsasan da suka harba ne suka sami wanda aka auna. Waɗannan fa mutane ne masu filayen atisaye da kuɗin harsashi. Sauran kashi 82 ɗin wani wuri suka tafi. A unguwa irin tamu, inda gini na jar ƙasa ne, ƙofa ta langalanga ce, mutane kuma na kwana a tsakar gida saboda zafi, wannan wani wurin yana iya zama gadon wani.

Ga kuma irin bindigar da ke hannunsu. Ɗan sandan Sudan ba ƙaramar bindigar ƙugu ya fi riƙewa ba, kalash ce ko jim uku (G3), makaman da aka ƙera don fagen yaƙi. Gidan harsashin kalash na cin 30, kuma in an sake ta tana iya zazzage su cikin daƙiƙa uku. Akwai wani abu a ƙirarta da ya kamata kowa ya sani: idan ka sauke makullinta daga inda take a kulle, matakin farko da za ka tarar shi ne na ruwan wuta, sai ka ƙara saukewa kafin ka kai na ɗaya-ɗaya. Kurtun da ya firgita, wanda bai maimaita wannan motsi sau ɗaruruwa ba, yana iya nufin harbi ɗaya ya saki bakwai. Shi ya sa darasin farko a duk makarantar kirki shi ne yatsa ba ya shiga wajen kunama sai an yanke shawarar harbi, domin mutum in ya razana ko ya yi tuntuɓe hannunsa kan damƙe da kansa.

Mutane kan ce, to me ya hana ya harbe shi a ƙafa? Wannan magana ce ta wanda bai taɓa ganin raunin harsashi ba. Ƙafar mai gudu ita ce mafi wuyar samu, kuma a cinya akwai babbar jijiyar jini wadda in ta tsinke mutum na iya ƙarewa cikin mintoci. Babu harbi mai sauƙi. Haka harbin sama, wanda muka raina har muna yinsa a gidan biki: abin da ya hau sai ya sauko, kuma Sudan ta san abin da ake kira rasas ɗa'ish, harsashin da ba shi da adireshi. Ko bumban, barkonon tsohuwa da ake cewa ba ya kisa, likitoci sun sha rubuta mutuwar matasan da aka auna musu gwangwaninsa kai tsaye a ka ko a ƙirji.

Saboda haka horon da ke ceton rai shi ne na hukunci: yaushe za ka ja da baya, yaushe za ka nemi mafaka ka jira ƙarin mutane, yaya ake magana da mai taɓin hankali da ya ɗauko wuƙa, yaya za ka gane abin da ke hannun yaro waya ce. Ana koyar da wannan ta hanyar shirya yanayi irin na gaske, a sa ɗalibi ya yanke shawara cikin daƙiƙa, a tsaya a warware masa kuskurensa, gobe a sake. Yana cin lokaci da kuɗi. A Jamus sai mutum ya yi shekara biyu da rabi zuwa uku kafin ya zama cikakken ɗan sanda, a Nowe shekara uku. A Amurka matsakaicin horon farko bai wuce wata biyar ba, kuma jaridar Washington Post da ta fara ƙirga a 2015 ta riƙa samun kimanin mutum 1,000 da 'yan sanda ke harbewa duk shekara.

Amma kada a ɗora wa horo abin da ba zai iya ɗauka ba. A 2021 a jihar Minesota wata 'yar sanda mai shekara 26 a bakin aiki, wadda har koyar da sababbi take yi, ta zaro bindiga a maimakon na'urar girgiza jiki ta kashe wani matashi. Ɗan sandan Sharƙun Nil kuwa, duk wanda ya kalli bidiyon ya san ba rashin iya saiti ne ya dame shi ba.

Ƙofar shiga

Ƙa'idojin Habana sun ce a tace masu shiga aikin ta fuskar ɗabi'a da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta jiki, a kuma riƙa sake duba su lokaci-lokaci. A Sudan ƙofa biyu ce. Hafsoshi na bi ta kwalejin 'yan sanda da ke ƙarƙashin Jami'ar Ribaɗ, da shahadar sakandare da gwajin lafiya da ganawar ido da ido. Ƙananan ma'aikata, waɗanda su ne ke tsaye a shinge da bindiga a kafaɗa, karatun da ake nema a wajensu bai kai haka ba, horonsu ma gajere ne. Wato wanda ya fi kusa da kunama shi ne wanda aka fi taƙaita wa karatu.

Tarihi ya ƙara dagula ƙofar. Bayan juyin mulkin 1989 gwamnatin Umar al-Bashir ta sallami ɗimbin ma'aikata da hafsoshi da sunan maslahar jama'a, ta cike gurabensu da nata, abin da aka sani da tamkin. A Darfur an shigar da mayaƙan sa-kai cikin rundunonin gwamnati har da Abu Ɗera. Ali Kusheb, wanda kotun duniya da ke Heg ta kama da laifukan yaƙi a Oktoban 2025, ya taɓa riƙe muƙami a wannan runduna. Yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020 ita ma ta tanadi shigar da mayaƙan ƙungiyoyi cikin rundunoni, har da 'yan sanda. Kowace sulhu a ƙasar nan da kaki ake biyanta. Yanzu ga dubban matasa da suka ɗauki makami a wannan yaƙin, cikinsu har da 'ya'yanmu, kuma ba sai an yi duba ba an san da yawansu za su nemi a ba su lamba. Wanda ya shekara biyu yana koyon cewa duk inuwar da ta motsa abokin gaba ce, ba a ɗauko shi yau a tsayar da shi a ƙofar kasuwa gobe ba tare da an sake masa tarbiyya ba. Wannan ba zargi ba ne a kansa. Aikin soja da na ɗan sanda ne suka bambanta tun daga tushe.

Wani ramin kuma shi ne na wanda ya yi ɓarna a nan aka mai da shi can. Amurka ta sha wannan. Ɗan sandan da ya harbe yaro ɗan shekara 12 mai wasa da bindigar roba a Kilibland a 2014, tsohon wurin aikinsa ya riga ya rubuta cewa bai dace da riƙe makami ba, sabon wurin bai buɗe fayil ɗin ba. Wanda ya harbe wata mata a ɗakin girkinta a jihar Ilinoi a 2024, bayan ita ce ma ta kira su neman taimako, ya yi aiki a rundunoni shida cikin shekara huɗu. Sai bayan mutuwarta jihar ta yi dokar tilasta duba tsohon fayil kafin ɗauka. A wajenmu sunan abin canjin wurin aiki: a ɗauke shi daga Gadarif a kai shi Niyala, shi ke nan an huce.

Hasana

Nan ne ƙullin yake. Hasana ita ce abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira rigar kariya. Sashe na 45 na dokar 'yan sanda ta 2008 ya ce ba a ɗaukar matakin shari'ar laifi a kan ɗan sanda saboda abin da ya aikata a bakin aiki sai da izinin ministan cikin gida ko wanda ya wakilta. Sojoji na da irinta a dokarsu ta 2007, jami'an tsaro ma sun samu a tasu ta 2010. A aikace ga yadda abin ke tafiya: dangi su buɗe balagi, wato su shigar da ƙara, wakilin niyaba ya fara bincike, ya kai inda zai tuhumi jami'i, sai ya tsaya ya rubuta takardar neman a cire hasana. Takardar ta tafi ma'aikatar da wanda ake zargin yake yi wa aiki. Ba sai an ce a'a ba. Shiru kawai ya isa. Wata ya wuce, shekara ta wuce, shaidu su watse, uwar yaro ta gaji da kuɗin mota.

Duba abin da ya faru a unguwar Daim ta Hartum a Maris ɗin 2012, lokacin da 'yan sandan Nizam Am, masu sa ido kan ɗa'ar jama'a, suka harbe wata mata a ƙofar gidansu. Unguwa ta tashi, jaridu suka ɗauka, duk da haka sai a 2014 kotun farko ta yanke hukunci, aka kuma shiga zaryar ɗaukaka ƙara. A Satumban 2013, da aka cire tallafin mai, gwamnati da bakinta ta amsa mutuwar mutum sama da 80, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce sun kusa 200, amma shari'un da suka isa gaban alƙali ba su taka kara sun karya ba. Mutanen Bur Sudan har yau suna tuna 29 ga Janairun 2005, ranar da aka buɗe wa masu zanga-zanga 'yan ƙabilar Beja wuta.

Sai ka gwada da shari'ar malamin makarantar nan na Hashmul Girba da ya mutu a hannun jami'an tsaro a Fabrairun 2019. Da farko cewa aka yi guba ya ci a abinci. Da gwamnatin al-Bashir ta faɗi, aka cire hasana, kafin shekarar ta ƙare, ranar 30 ga Disamba, kotu a Umdurman ta yanke wa mutum 29 hukuncin kisa. Alƙalan nan da likitocin nan da dokar laifukan nan duk suna nan tun da. Abin da ya canza shi ne an buɗe ƙofa. A Yulin 2020 aka soke hasanar jami'an tsaron farin kaya, ba a taɓa ta 'yan sanda da ta soja ba. A Disamban 2021 kuma, wata biyu bayan juyin mulki, wata dokar ta-ɓaci ta sake lulluɓe rundunonin da kariya. Duk mai son ya san dalilin da lissafin likitoci ya kai 125, ya fara daga nan.

Dalilin da ya sa nake cewa wannan ne ke riƙe da sauran shi ne, kurtu yana da malamai biyu. Na farko yana aji yana ce masa kada ka harba sai rai na cikin haɗari. Na biyu shi ne abin da ya gani da idonsa ya faru da abokin aikinsa da ya harba. In ya ga an karɓe bindigarsa, an ƙirga harsasansa, an zaunar da shi ya rubuta bayani, darasin aji ya zauna. In ya ga washegari ya dawo bakin aiki har ana yi masa kirari, to malamin aji ya yi asarar alli. Haka mai ɗaukar aiki: ranar da ya san za a zo a tambaye shi wa ya sa hannu a takardar wannan mutum, ranar zai fara karanta fayil kafin ya karanta wasiƙar ɗan'uwan minista.

Abin da 'yan sandan ke cewa

Suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa in babu kariya kowane mai laifi zai maka su a kotu, kurtu ya ji tsoron taɓa ɗan fashi. Suna cewa su ma ana kashe su, kuma gaskiya ne: a Janairun 2022 an kashe wani birgediya na 'yan sanda a wajen zanga-zanga a Hartum. (Sai dai cikin kwana ɗaya zuwa biyu aka kama waɗanda ake zargi, abin da ke nuna cewa hukuma ta iya sauri in ta so.) Suna kukan albashi, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100 a tsakiyar 2021. Suna cewa a ba su garkuwa da hular kwano da motar ruwa, domin wanda ba a ba shi komai ba sai kalash, da kalash zai amsa kowace tambaya.

Mu Hausawa mun fi kowa sanin ɗaya fuskar. A Yulin 2022 a Damazin da Rusairis, da kuma Oktoba a Wad al-Mahi, lokacin rikicin ƙabilanci, kukanmu shi ne hukuma ba ta zo da wuri ba. Babu mai hankalin da ke son ɗan sanda marar ƙarfi. Amma kariya daga ƙarar ƙarya aiki ne da alƙali zai iya yi cikin mako guda, ya duba ya kore ta. Ba sai an damƙa mabuɗin a hannun maigidan wanda ake ƙara ba. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Wasu ƙasashen sun gwada raba mabuɗin da rundunar. Kenya ta kafa hukuma mai zaman kanta ta sa ido kan 'yan sanda da dokar 2011, Afirka ta Kudu na da irinta, a Ingila kuma dole ne a miƙa duk harbin da ya yi kisa ga wata hukuma ta waje. Ba su zama aljanna ba, wanda ya ga yadda aka harbe masu zanga-zanga a titunan Nairobi a 2024 ya sani. Najeriya ta gyara dokar harbinta mai lamba 237 a 2019, shekara guda bayan nan aka yi zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda. Shari'ar matasa shida na Apo da aka kashe a Abuja a 2005 sai a 2017 aka yanke ta, ƙananan jami'ai biyu suka sha hukunci, babban cikinsu ya fita. Kusan ko'ina haka abin yake, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, alhali ƙa'idojin Habana sun ce kwamandan da ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba, shi ma yana ciki.

Idan abin ya faɗo gidanku

Allah ya kiyaye, amma sani ya fi rashinsa. Bayan ceton rai, abu na farko shi ne Urnik 8, takardar da 'yan sanda ke bayarwa likita ya cike irin raunin da ya gani. Ba tare da ita ba, rauni a gaban alƙali labari ne kawai. Na biyu, kwanson harsashi da hoton wurin da lambar mota da sunayen waɗanda suka gani, tun kafin a share ƙasa. A rundunar da ke da tsari kowace bindiga da lambarta a littafin ma'ajiyar makamai, da sunan wanda ya karɓa da adadin harsashin da ya fita da wanda ya dawo, don haka lauya ya nemi wannan littafi tun da wuri.

Na uku shi ne mafi nauyi a zuciya. Mu ba ma son gawa ta kwana, kuma muna da hujjarmu ta addini. Sai dai wanda aka binne ba tare da likitan mashraha, wato ɗakin binciken gawa, ya duba shi ya ciro harsashin ba, an binne shi ne da babban shaidarsa. Jinkirin yini ɗaya da umarnin niyaba shi ne bambancin shari'a da jita-jita.

Akwai kuma wani tsoro da ya keɓanta da mu, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Rajistar 'yan ƙasa da fasfo a Sudan a hannun 'yan sanda suke. Bahaushen da aka taɓa sa shi kawo shaidar kakan kakansa kafin a ba shi raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, alhali kakan nasa a Mai Wurno aka haife shi, zai yi tunani sau biyu kafin ya kai ƙarar mai kaki. Shi ya sa irin wannan ƙara ba ta mutum ɗaya ba ce. A tafi da lauya, da umda ko sarkin unguwa, a riƙe kwafin kowace takarda a wuri fiye da ɗaya.

Daga nan sai masu judiyya, wato sulhun gargajiya, su fara sallama: ajawid masu shiga tsakani, malamai, wani lokaci har da manyan hafsoshi, a zo ta'aziyya a kawo maganar diyya. Dokar laifuka ta 1991 ta ba magada wannan haƙƙi. A kisan ganganci, sashe na 130 da kowa ya haddace lambarsa, alƙali na tambayar masu jini ko ƙisasi suke so, ko diyya, ko yafiya. Babu wanda ya isa ya zargi uwar marayu don ta karɓi diyya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yafiyar dangi ba ta rufe komai da komai: sashen ya ce in ƙisasi ya faɗi, kotu na iya ɗaure mutum har shekara 10, ban da diyyar. Kuma takardar sulhu ba ta cewa komai game da ko za a mayar masa da bindigarsa. In masu judiyya sun zauna a kan tabarma, kafin a shafa fatiha, wani daga cikin dattawa ya tambayi hafsan da ya zo: ranka ya daɗe, shi wannan yaron naku, gobe a wane shinge za mu same shi? A kuma sa amsar cikin takardar da za a sa wa hannu.